Turancin Malam Geng

A garinmu Liugou, can gindin duwatsun Taihang, duk wanda ya taɓa zama a sakandaren gunduma, in ka tare shi a hanya ka ce ya kawo maka ma'anonin kalmar da Turawa ke kiran hannu da ita, zai sauke kayansa ya zubo maka su tiryan-tiryan. Mai gyaran keke zai kawo. Matar da ke sayar da awara a bakin gada za ta kawo. Har mataimakin shugaban gunduma, in ya sha ya yi tatul a gidan biki, yakan dafa tebur ya rera su. Hannu gaɓar jiki ne. Hannu ne abin nan da ke zagaya fuskar agogo. Ɗan ƙwadago a gona ko a jirgin ruwa hannu ne, taimako hannu ne, rubutun mutum hannunsa ne, katin da aka raba wa ɗan karta ma hannu ne. Haka za su yi ta yi har su dire a kan ma'aunin tsayin doki, alhali yawancinsu jaki kaɗai suka taɓa hawa. Mutum ɗaya ne ya ɗura wa garin nan wannan karatu, Malam Geng Dehou, wanda yara ke ce wa Malam Hannu in ya ba da baya.

Shekarar da ya cika saba'in muryarsa ta dushe. Ya ce mura ce. Da ta ƙi sakinsa har aka fara karyar masara, matarsa Gailian ta tasa shi gaba zuwa asibitin birni. Likitan tsohon ɗalibinsa ne, don haka sai da ya yi ta kame-kame kafin ya fito da maganar. Ciwon daji ne a maƙogwaro, alli da taba sun gama aikinsu. Za a cire wurin da murya ke fitowa gaba ɗaya, a huda masa wuya ya riƙa numfashi ta nan. Mai yiwuwa ya rayu, amma magana kam ya yi sallama da ita.

"Yaushe za a yi?" in ji Gailian.

"Da jiya aka yi da ya fi, Inna."

"Sai jikata ta zo," in ji Malam Geng.

"Malam, wannan abin ba ya jiran kowa."

"Tun kana yaro ba ka bari a gama tambaya kake ɗaga hannu. Na ce sai ta zo."

Jikar tasa Nora ce, 'yar 'yarsa tilo Ruifang, wadda ta tafi Kanada ta auri ɗan can. Shekarar yarinyar biyar, bai taɓa ganinta ba sai a hoto, kuma ba ta jin ko "zo" da Sinanci. In Ruifang ta bugo waya ta ɗora mata a kunne, Malam yakan gyara zama ya gaishe ta da Turanci. Sai ya ji shiru, can sai ya ji an yar da kan wayar. Yakan ce layin ne ba shi da kyau, ai teku ce a tsakani. Yanzu abu ɗaya yake so kafin a rufe masa baki: ya yi wa yarinyar nan magana da muryarsa, ta ji, ta amsa. A ganinsa wannan ba abin wahala ba ne, tunda ya fara koyar da harshenta tun ba a haifi uwarta ba.

Sai dai Malam Geng bai karanta Turanci a makaranta ba. Rashanci ya karanta, lokacin da ƙasarmu ke ɗasawa da Rasha. Yana fitowa da takardarsa zumuncin ya watse. Shugaban makaranta ya kira shi ofis, ya tura masa littafin aji da wani ƙamus da ɓera ya ci bangonsa.

"Daga ranar Litinin kai ne malamin Turanci."

"Ranka ya daɗe, ai ban iya ba."

"Duk ba yaren masu dogon hanci ba ne? Ka iya ɗaya, ɗayan ƙaninsa ne. Je ka."

Zamanin ba na musu ba ne. Ya ɗauki littafin ya tafi. Darasin da zai koyar gobe shi yake haddacewa yau, ɗalibansa na biye da shi da taku ɗaya ba su sani ba. Ya kama ƙamus ɗin nan daga farko, shafi bayan shafi, kamar mai tsince tsakuwa a gero, har ya kai ƙarshe ya sake dawowa. Ma'ana kam ba wadda ta kuɓuce masa. Abin da ƙamus bai iya ba shi ba shi ne sauti. Babu wanda zai tambaya a duk faɗin gundumar, kuma a lokacin wanda aka kama yana sauraren rediyon waje ya ga ta kansa. Sai ya yi abin da malaman ƙauye da yawa suka yi: a saman kowace kalma ya rubuta haruffanmu waɗanda sautinsu ya ɗan yi kusa da abin da yake zato. Kalmar hannu ya ɗora mata guda biyu, "han" da "de". Harshenmu kuwa ba ya son ya bar kalma a tsuke, sai ya ƙara mata wutsiya. Ta haka kowace kalmar Turanci da ta shigo Liugou ta yi wutsiya, ta kuma koyi hawa da sauka irin na maganar mutanen dutse.

Kuma abin ya yi aiki, wannan shi ne abin takaicin. Jarrabawar shiga jami'a ba ta da kunne, ido gare ta. Tambaya take yi, a cikin jimlar nan hannu taimako ne ko ɗan ƙwadago? Yaran Malam Geng ba sa ko ƙifta ido. 'Ya'yan manoma da masu haƙar kwal suka yi ta tsallakewa zuwa manyan birane ta kan ma'anonin nan. Iyaye suka yi ta kawo masa tutocin yabo na jan siliki masu rubutun ruwan zinariya, har bangon ɗakinsa ya cika. Da aka aiko wa makaranta rikoda da kaset na Turawa, shugaba ya kulle ta a kabad don kada ta lalace. Malam ya karɓi makulli sau ɗaya ya saurara. Ya ji mutane na haɗiye kalmomi kamar masu shan taliya da zafinta, ya kashe, ya ce waɗannan ba su sami tarbiyyar magana ba. Ni dai ba na ɗora masa laifin duka. A garin makafi mai ido ɗaya ne sarki, kuma ba shi ya nemi sarautar ba.

Amma ba zan ce zuciyarsa ba ta taɓa raya masa komai ba. Wata shekara wani injiniya Bature ya zo duba masana'antar siminti, aka turo mota a ɗauki Malam ya yi tafinta. Ranar nan Malam ya tashi da gudawa, ya kulle kansa a bayan gida har direba ya gaji ya tafi. Kowa ya yi masa sannu, ban da Tsoho Dou, malamin lissafi, abokin dararsa, wanda ya same shi da yamma yana narkar taliya da barkono.

A cikin duk ɗalibansa ba wanda ya kama ƙafar Ruifang. Tun ba ta iya riƙe tsinken cin abinci ba take rera ma'anonin hannu. Ita ta zo ta ɗaya a Turanci a duk yankin, aka buga sunanta a jar takarda aka manna a ƙofar makaranta. Da ta tafi Kanada, Malam yakan ce wa duk wanda ya tsaya saurare, "Da Turancin da na ba ta ta ci ƙasar Turawa." Wasiƙunta na shekarun farko gajeru ne, lafiya lau, aiki da yawa, a gaida Mama. Ya ɗauka rashin lokaci ne.

To, da aka gaya wa Ruifang maganar likita ta ce za ta taho da yarinyar da zarar ta sami hutu. Malam ya shiga shiri kamar wanda masu duba makarantu za su ziyarci ajinsa. Ya fito da ɗan allonsa da ragowar alli. Ya zauna gindin bishiyar kanya da ke tsakar gida, wadda ta yi jawur da 'ya'ya, yana maimaita jimlolinsa da muryar da ta koma kamar ana jan buhu a ƙasa. Kaji ne 'yan ajinsa.

"Baban Ruifang," in ji Gailian daga madafa, "muryar nan gawayin ƙarshen sanyi ce. Ka daina ƙona ta a kan kaji."

"Ke me kika sani? Je ki dama kunun geronki."

Tsoho Dou ya shigo da allon dara a hammata, ya tsaya yana kallonsa.

"Kai tsohon alli, yarinyar da ta tsotsi Turanci a nono, me za ka koya mata?"

"Ita ma'ana ɗaya ta sani. Sauran suna nan." Ya ƙwanƙwasa goshinsa.

"To madalla. Ni dai ka kiyayi barkono kwanakin nan, kada gudawar siminti ta dawo."

"Ji mai bakin magana. Ka ƙare rayuwarka a lissafi, ba ka san haƙora nawa suka rage maka ba."

"Na sani mana, ai yanzu ƙirga su ba wuya."

Suka jera 'ya'yan dara. Can Dou ya daina dariya ya ce, "Dehou, ka rabu da wannan wahalar. In ta zo ka ɗauke ta ka ɗora a cinya, shi ke nan. Jika ba jarrabawa ba ce." Malam ya tura dokinsa na dara inda bai kamata ba, Dou ya cinye.

Ranar da Ruifang da 'yarta suka iso, rabin unguwa ta cika ƙofar gidan. Ba Ruifang suka zo gani ba. Sun zo ne su ga abin da ba su taɓa gani ba, Malam Hannu yana magana da Baturiya ta gaske, ko da 'yar mitsitsiya ce. Mai awara ta rufe rumfarta ta taho, tana gaba-gaba. Malam ya sa tsohon kwat ɗinsa mai aljihu huɗu, ya ɓalla maɓalli har wuya duk da ciwon. Ruifang ta fito daga mota, ta rame, furfura ta fara mata. Tana ganin uban ta toshe baki. Yarinyar na maƙale da ƙafarta, gashinta ruwan ƙasa, amma goshin nan na gidan Geng ne, ko makaho ya shafa zai gane.

Malam ya tsuguna da ƙyar, da busasshiyar kanya a tafinsa. Ya faɗi jimlolinsa a tsanake, kowace kalma da wutsiyarta. Ni ne mahaifin mahaifiyarki. Barka da zuwa gidanki. Wannan daga bishiyarmu take. Ba ni hannunki.

Yarinyar ta zuba masa ido.

Ya sake faɗa, da ƙarfi, yadda yakan yi wa 'yan bencin baya. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe, zafin ya sa idonsa ya kawo ruwa. Yarinyar ta ja rigar uwarta ta faɗi wani abu da sauri, kamar ruwa na bin magudana. Malam ya kasa kunne iya kasawa. Bai tsinci ko kalma ɗaya ba.

"Malam, me ta ce?" in ji mai awara. Duk idanu suka komo kansa.

Ruifang ta yi caraf ta ce, "Cewa ta yi ta gaji da tafiya. Kuma wai Turancin kakanta ya burge ta."

Aka ɗauki tafi. Mai awara ta share hawaye da gefen riga tana cewa ai dama ta sani. Malam ya miƙe yana murmushi saboda mutane. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gaban aji ya san fuskar ɗalibin da bai gane ba, ko da ɗalibin ya gyaɗa kai. Wannan kuwa ko gyaɗawar ba ta yi ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi masa ciwon zafi. Gailian, wadda ba ta san ko harafi ɗaya na Turanci ba, ta fizgi yarinyar ta raɗa mata suna Niuniu, ta cusa mata ƙullin fulawa a hannu. Kafin azahar su biyun sun yi fari fat suna ƙyalƙyala dariya, kowa na surutu da yarensa. Suka kori kaji tare, suka ɓare masara tare. Shi kuwa da ya matso ya buɗe baki sai yarinyar ta ɓuya bayan kakarta. Kishi ya kama shi, kishin matarsa ta shekara arba'in da wani abu, ya kuma ji kunyar kishin.

Sai ya koma ga abin da ya fi iyawa. Ya jingina allo da bishiyar kanya ya zana hannu. Ya zana agogo, ya zana mutum da fartanya. Yarinyar ta taho a hankali ta tsuguna, har ta sa yatsa ta taɓa agogon. Zuciyarsa ta buga. Ya nuna zanen farko ya ce, "Han-de." Ta dube shi. "Han-de," ya sake cewa, ya jira ta maimaita. Da ba ta maimaita ba, hannunsa ya yi abin da ya saba ba tare da ya yi shawara da shi ba, ya ɗauki kara ya maka wa allon. Yarinyar ta zabura, ta ƙwalla ƙara, ta ruga ɗaki.

Da la'asar ya sami Ruifang ita kaɗai a madafa tana wanke kwanuka. Ya tsaya yana kallon hannunta. Wani irin sauri take yi da bai san ta da shi ba, kwano na shiga ruwa yana fita kamar inji.

"Ranar da kuka zo, me ta ce?"

"Ai na faɗa, Baba."

"Kin faɗa wa mai awara. Yanzu ni nake tambaya."

Ta ci gaba da wanke-wankenta. Sai can ta ce, "Cewa ta yi, Mama, ki gaya wa tsohon nan ba na jin Sinanci."

Ya dafa bango. Abin ya shige shi a hankali, kamar sanyi. Yarinyar ba kasa gane Turancinsa ta yi ba, ba ta ma san Turanci yake yi ba. Da yake ba shi da inda zai kai fushin, sai ya juye shi kan 'yarsa.

"Laifinki ne. Me ya hana ki koya mata harshen gidanku? Kin haifi 'ya kin mai da ita baƙuwa a gidan ubanki."

Ruifang ta ajiye kwanon da ƙarfi har ya tsage.

"Kana so ka ji? To bari ka ji. Ranar da na sauka a ƙasar nan, ruwan sha na nema a filin jirgi. Na faɗa sau uku, matar ta kira wani ya zo ya ji ko wane yare nake yi. Ni da aka manna sunana a ƙofar makaranta! Na je neman aiki da digirina, takardar da na rubuta ta burge su, suka kira ni. Ina buɗe baki suka dubi juna. Ka san inda na ƙare? Ƙarƙashin wani gidan abinci, ina wanke kwanuka. Shekara biyu, Baba. Ni ba na jin su, su ba sa ji na, kamar kurma a kasuwa. Da na tashi aiki in tafi ajin koyon magana, a ba ni madubi in riƙa kallon bakina kamar jaririya. Malamar ta ce da ma ban taɓa koyon komai ba da ya fi mini sauƙi. Sai da na kankare Turancinka daga bakina kamar ƙanzo a tukunya, har yau bai gama fita ba, Nora na gyara mini. Ranar da na haife ta na rantse ba sautin Liugou ko ɗaya da zai shiga bakinta. Ban so a dubi juna in ta yi magana."

"Ai ke kika zo ta ɗaya," in ji shi. Muryar da ƙyar take fita.

"Na zo, Baba. Takarda ta ji ni."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Kai da kake gaya wa duk gari da Turancinka na ci ƙasar Turawa?"

Tana rufe baki ta yi nadama. Ta dubi tsohon nan da kwat ɗinsa ya yi masa yawa, ta tuna abin da ke jiransa, ta kama hannunsa da jiƙaƙƙen hannunta.

"Baba, ka yafe mini. Bari in koya maka. Jimla ɗaya kawai, mu zauna ni da kai, kafin jibi za ka iya, ta ji ka."

Da ya yarda da watakila labarin nan ya sauya. Amma mutumin da bai taɓa zama a benci wani na tsaye a gabansa ba tun yana saurayi, yau a ce 'yar cikinsa ta riƙe masa madubi? Ga kunya, ga tsoron kada a koya masa ɗin ma ya kasa. Ya zare hannunsa.

"Ba a fafe gora ranar tafiya," ya ce. "Ki buga wa likita. Gobe."

Ruifang ta roƙe shi, Gailian ta yi masa faɗa, Tsoho Dou ya zo ya ce masa, "Kai jaki ne, Dehou, wannan gudawar ta fi ta siminti muni." Ya ƙi sauya shawara. Sauran muryar da ya yi ta tattali don jikarsa ya bar ta ta tafi a banza. Da safe da za su shiga mota ya juyo ya ce wa Gailian, da yaren dutse, "Kin bar ƙofar kaji a buɗe." Maganarsa ta ƙarshe ke nan a duniya.

Aikin ya yi kyau, in ji likita. Malam ya dawo gida da rami a gindin wuya, wanda dole a rufe da ƙyalle mai laushi saboda ƙura. Gailian ta rasa ƙyallen da ba ya kartar fata. Malam ya nuna mata bango. Ta tsaya tana kallonsa, ya sake nunawa. Ta sauko da tutar yabo ɗaya ta sa almakashi. Daga ranar nan da jan siliki yake yawo a wuya, da rabin harafi na ruwan zinariya a jiki.

Abin mamaki, tunda ya daina magana yarinyar ta daina tsoronsa. Takan zo ta zauna kusa da shi gindin bishiya tana wasa da alli. Shi kuwa yanzu da ba dama, ba abin da yake so irin ya ce wa Ruifang ta koya masa jimlar nan.

Ranar da za su koma, mota na jira a waje, ya ɗauki allon ya yi rubutu da Turanci, da kyakkyawan hannunsa da duk gunduma ta sani, ba kuskure ko na ɗigo. Ya miƙa wa jikarsa. Ta juya allon sama, ta juya shi ƙasa.

"Ba ta fara karatu ba tukuna, Baba," in ji Ruifang a hankali. "Sai baɗi."

Ta karɓi allon ta karanta mata da nata bakin. Ni ne mahaifin mahaifiyarki. Ba ni hannunki. Nan take fuskar yarinyar ta washe. Ta ɗaga ɗan tafinta ta nuna masa, ta faɗi sunan hannu da Turanci, ta ɗora a cikin nasa. Kalmar da ya yi suna a kanta ke nan, ita kaɗai, a hankali, daga bakin mai ita. Ashe 'yar guntuwa ce. Numfashi ɗaya, ta buɗe ta rufe a bayan haƙora, ba wutsiya, ba hawa ba sauka. Abu ne da ɗan dutse zai iya koya kafin shayi ya huce. Ya riƙe hannun nan har direba ya yi hon.

Bayan tafiyarsu sanyi ya sauko. Gailian takan hango shi zaune a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, leɓɓansa na motsi, yana kai harshe bayan haƙora yana tsayar da shi. Ta ɗauka addu'a ya koya da tsufa. Likita bai faɗa wa Malam ba, amma ya faɗa mata cewa abin ya riga ya sauka ƙirji, jiran da aka yi bai taimaka ba. Ta san baɗin da Ruifang ke faɗa ba nasa ba ne.

Tsofaffin ɗalibai suka yi ta zuwa dubiya, wannan da ƙwai, wancan da lemo. Gab da sabuwar shekara mai awara ta zo da awara mai zafi a ƙunshe. Ta ga yadda ya zube, ta rasa abin da za ta faranta masa rai da shi. Sai ta miƙe tsaye kamar a aji, ta haɗa hannu a baya, da furfurarta da komai.

"Malam, ban manta ko ɗaya ba. Jikokina ma na koya musu, yadda ka koya mana sak. Han-de, gaɓar jiki. Han-de, na agogo. Han-de..."

Malam ya girgiza kai. Ta zaci ta tsallake wata ma'ana, ta koma farko. Ya buga gadon da tafinsa, ya jawo allo, ya rubuta da haruffanmu: Ba haka ake faɗa ba.

Ta karanta, ta sake karantawa. Ba ta yi musu ba, don a Liugou ba a taɓa yi wa Malam Hannu musu ba. Ta matso, ta ɗan rusuna, ta kawo kunne kusa da bakinsa.

"To yaya ake faɗa, Malam?"

Ya buɗe baki. Ya kai harshe inda ya kamata, daidai yadda jikarsa ta yi. Iska ce kawai ta fito ta ramin wuyansa, jan ƙyallen ya ɗaga, ya koma ya kwanta. Mai awara na nan rusune tana jira.